Migdalia, Kin Bar Min Na'urar a Mataki na Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, 10 ga watan Satumba, 2013, da misalin ƙarfe uku na yamma, Allah ya karɓi ran Migdalia Cutiño Almaguer a tashar motar Cueto, tana kan hanyar dawowa Mayarí daga Holguín. Shekarunta arba'in da takwas. Likita ya ce wata jijiya ce ta fashe a cikin kanta. Waɗanda suke wurin sun ce ta sauko daga babbar motar fasinja don ta sha ruwan rake, ta ce wa mai sayarwa kanta yana sarawa, ta zauna a bakin dakali, ba ta sake tashi ba. Wanda ya ba mu ita ya karɓi abarsa, ba mu da ta cewa.

Ni ce Eumelia Leyva. Shekara goma sha tara muna aiki tare a ɗakin karatun garinmu, ni a wajen littattafai, ita a wajen na'ura. Ita ta riƙe jikata Yanelis a coci ranar baftisma, tun daga ranar muke kiran juna komadre. Washegarin rasuwar, a maƙabarta, mijinta Argelio ya ce in yi jawabin sallama a bakin kabari, tunda duk Mayarí an san bakina ba ya mutuwa. Na tsaya a gaban jama'a, na buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Aka kama ni aka zaunar, ana cewa baƙin ciki ne.

To komadre, yau kwana ashirin, ga jawabin da na kasa yi, kuma zan fara da abin da ya fi ba ni kunya. Tsoro ne ya rufe min baki a ranar. Ana zura akwatinki, ni kuwa hankalina yana can gida a kan wata 'yar kwalba, ina ƙirga ƙwayoyin maganin farfaɗiyar Yanelis. Talatin suka rage, kuma biyu take sha a rana. Kantin magani sun ce sai wata mai zuwa, ko na gaba da shi. Hanya ɗaya da na sani ta samun wasu ke ce, ga ki kuma kwance a cikin katako.

A shekarar 2008 Yanelis ta fara faɗuwa, tana da shekara huɗu, wata shida bayan rasuwar uwarta. Ke kike raka ni layin kantin magani. Mu isa, mu tambayi wa ke ƙarshe, mu tsaya a bayansa har rana ta take, a leƙo a ce ya ƙare. A layin nan kika lura da abin da ni ban lura da shi ba. Watan da babu maganin a Mayarí akwai shi a Moa. Watan da babu a Moa, wata uwa a Banes tana da kwali biyu a ajiye saboda likita ya canja wa ɗanta magani. Maganin yana nan, masu shi ne ba su san juna ba. Intanet ba mu da ita, amma kusan kowane ofis da makaranta suna da imel na cikin gida, kuma kowace uwa tana da wata 'yar'uwa ko maƙwabciya mai aiki a irin wuraren nan. Sai kika jawo tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa, kika sa mata wata manhaja ta kyauta, irin wadda masu ita suka bar cikinta a buɗe kowa ya duba ya gyara. Aikinta ɗaya ne: mutum ya aika wasiƙa zuwa adireshi ɗaya, ita kuma ta raba wa duk wanda ke ciki. Muka sa masa suna zauren wasiƙu. Wadda take nema ta rubuta, wadda take da rara ta amsa, direbobi su kai. Da mutum bakwai aka fara. Ranar da kika rasu adireshi ɗari biyu da goma sha huɗu ne, daga Baracoa har Las Tunas.

Ba ki yarda da ciniki a zauren ba, ba ki kuma bari kowa ya sa sunan iyalinsa ko lambar wayarsa ba. Mutane suna tsoron a ce suna sayar da maganin gwamnati, ke kuma kin fi su jin wannan tsoro a madadinsu. Lambar ɗakin karatu kaɗai kika bari a ƙasan kowace wasiƙa. Wani mutum ya taɓa rubutowa cewa yana da kwali uku, mai so ya zo a yi maganar farashi. Ban taɓa ganin ranki ya ɓaci haka ba. Kika cire shi nan take, kika aika masa layi ɗaya: “Malam, kasuwa tana bayan tashar mota.”

Ba zan manta da tsohuwar nan ta Guaro ba, mai riƙon jikoki biyu masu ciwon, wadda ba ta iya karatu ba, ba ta kuma da kowa a ofis. Kika riƙa buga mata wasiƙun a bayan tsofaffin katunan littattafanmu, ki hau keke duk Asabar ki je ki karanta mata, ki dawo da rogo a ɗaure a bayan keken kina ƙorafin ta cika kyauta. Shekara uku kina wannan tafiya. Gahawarki kuwa, wadda rabinta gasasshen wake ne, ba direban da ya taɓa kawo saƙo ya fita bai sha ba, ko da ita ce ta ƙarshe a gwangwani.

Ni dai na'urar nan Dodo nake ce mata. In zan goge ƙura, daga nesa nake miƙa tsumma. Sau nawa kika jawo min kujera?

“Komadre, zo ki zauna in nuna miki, ba ya cizo.”

“Rabu da ni da littattafaina, 'yar nan. Ranar da kika mutu a binne ku tare.”

Da bakin nan nawa na faɗa, muka yi ta dariya har masu karatu suka ɗago kai suna hararar mu.

Ranar Asabar, 17 ga Agusta, tsawa ta bi wayar wuta ta shigo ta ƙone Dodo. Da muka buɗe ƙofa ranar Litinin ƙauri ne ya tare mu. Allah ya sa adireshin mutane suna cikin ɗan filashin da kike ratayewa a jikin makullanki. Kika roƙo wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, na ɗauka kwana ɗaya za ki tashi zauren. A nan na fara sanin wahalar da kike sha. Ashe manhajar ba ta tsayawa ita kaɗai. Tana buƙatar wasu ƙananan manhajoji, su ma kowace tana da nata 'yan rakiya, in aka rasa ɗaya duk sai su zauna. Masu intanet, in ji ki, layi ɗaya suke rubutawa komai ya sauko. Mu kuwa sai an ɗauki faifan ajiya an shiga mota zuwa Holguín, gidan Malam Wilfredo, tsohon malamin lissafi da yake ajiye kwafin rumbun manhajojin gaba ɗaya. Sau biyu a shekara ake kawo masa daga Habana, babban birninmu, shi kuma ya kwafa wa duk wanda ya zo ba ko kwabo.

Awa uku a tsaye cikin babbar mota, awa uku dawowa. Zuwan farko kika dawo da rumbun da bai dace da wannan kwamfutar ba, na wata shekara ne daban. Zuwa na biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, kuma cikin dubban fayiloli, wanda ya zo a karye shi ne wanda ake nema. Aka gwada turo shi ta imel, imel ɗinmu ya ce ya fi ƙarfinsa. Zagin da kika yi a ranar ba zan rubuta shi a nan ba. Mutane suna ta aiko wasiƙu suna koma musu, har suka gaji suka daina, suna jiran ki ce an gyara.

Safiyar zuwa na uku kika biyo ta gidana da jakarki. Kika ce kanki yana ciwo tun jiya, ko ki bari sai Alhamis. Da ni mutuniyar kirki ce da na ce ki koma ki kwanta. Abin da na ce shi ne, “Komadre, talatin da biyu suka rage.” Kika dube ni, kika gyara jakar a kafaɗa, kika ce to bari ki hanzarta kada motar farko ta tashi. Likita ya rantse min ko a gado kike jijiyar nan za ta fashe. Na ji shi, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a Argelio ya kawo min jakarki ɗakin karatu. Ya ajiye a kan tebur ya fita. A ciki akwai faifan naɗe cikin tawul, da makullai, da wani koren littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kin rubuta matakan da hannunki ɗaya bayan ɗaya har zuwa na goma sha huɗu. A ƙarƙashinsa kin sa lamba goma sha biyar da ɗigo, sauran shafin fari fat.

Na zauna a kujerarki, abin da ban taɓa yi ba. Allon baƙi ƙirin, ba hoto, ba komai sai wani ɗan farin layi yana ƙifta min ido. Na kira Malam Wilfredo a waya. Ya yi kukanki sosai, bawan Allah, sannan ya share murya.

“Baiwar Allah, da wane suna kika shiga?”

“Da wanda ta rubuta a bangon littafi.”

“To wannan sunan mai gida ne. Yanzu na'urar nan ba za ta tambaye ki ko kin tabbata ba. In kika ce ta share komai, sharewa za ta yi. Kada ki danna abin da ba ki karanta min ba.”

Taimako ya yi niyya, amma tun daga lokacin duk sanda zan danna maɓalli sai na sake karanta layin sau uku. Ni ban iya Turanci ba, shi kuma kunnensa ya yi nauyi, ƙafarsa ba ta kai shi tashar mota. Duk ƙorafin da na'urar ta rubuto sai in karanta masa harafi-harafi ina ihu a ɗakin da ni kaina na liƙa takardar a yi shiru.

Fayil ɗin da kika ɗauko lafiyarsa ƙalau. Manhajar ta shiga a ranar farko, na ce Allah mun gode, ashe ko ƙofar gida ban kai ba. Ta ƙi tashi, wai sai an fara buɗe mata wani zaure na banza wanda ba kowa a ciki kafin ta kula namu. Don Allah wane mai taɓin hankali ne ya tsara haka? Aka buɗe. Sai ta ce ba ta san manhajar da ke kai wasiƙu ba, wai sunan ƙungiyar da aka rubuta wa waccan bai yi daidai da wanda aka gaya mata ba. Kwana biyu cur muka yi a kan wannan. Bayanin da ya zo tare da ita shafi sittin ne na Turanci, na zauna da ƙamus ina bi kalma-kalma. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka duk duniya intanet gare su, don duk inda aka cije sai ya ce a leƙa shafi kaza a ga ƙarin bayani. Wuta kuma kullum sai ta ɗauke da hantsi ko da azahar, in ta dawo in tarar na manta inda na tsaya. Ranar da zan zuba adireshin mutane daga filashinki, sanin cewa kwafi ɗaya ne a duk duniya ya sa na yi rabin awa yatsana yana kan maɓallin ban danna ba.

Ranar Alhamis, 19 ga wata, na aika wasiƙar gwaji ta je ta dawo. Na kifa kaina a kan teburinki na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Sannan na rubuta wa zauren. Ba ni da adireshin kaina, da naki na rubuta. Na gaya musu kin rasu, na ce an gyara zauren, na ce jikata tana da maganin kwana shida, duk mai rara ya taimaka don Allah.

Ranar ba wanda ya amsa. Na ce ai Alhamis ce da yamma, an tashi daga ofis. Juma'a shiru. Na sake rubutawa. Malam Wilfredo ya sa na duba rajistar da na'urar ke ajiyewa, ta nuna wasiƙu sun fita, ɗari biyu da goma sha huɗu cif. Litinin shiru, Talata shiru. Na zaɓi mutum goma na rubuta musu ɗaiɗai daga kujerar nan, su ma shiru. Komadre, a da in kika ce gyatsa kika yi, kafin azahar mutum ashirin sun yi miki sannu. Yanzu an ce musu kin mutu, ko “Allah ya jiƙanta” babu. Na zage su a zuciyata, su duka, na ce ashe magani kawai suke ci, ba su san ki ba. Allah ya yafe min wannan.

Da na ga ƙwaya goma suka rage, na yi abin da kika sha hana uwaye a zauren. Na mayar da Yanelis ƙwaya ɗaya a rana, ban gaya wa kowa ba. Ranar Laraba ta dawo daga makaranta tana tsince min shinkafa a madafa, tukunyar baƙin wake tana tafasa a gefenta. Na ji faranti ya faɗi. Kafin in juyo tana ƙasa, jikinta ya sandare, ƙafarta tana dukan ƙafar murhu, tukunyar tana rawa a saman kanta. Na sa hannu na ɗauke tukunyar ba tsumma, sai daga baya na ga tafina ya sale. Na juya ta gefe ina kiran sunanta, leɓenta ya yi shuɗi, jini yana fita inda ta ciji harshe. Shekara biyu rabonta da faɗuwa, kuma ban taɓa ganin wadda ta daɗe kamar wannan ba. Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a keken dokinsa zuwa asibiti, aka yi mata allura. Likitar ta tambaye ni nawa take sha a rana, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba. Ta buɗe durowarta ta nuna min, ita ma ba ta da ko ɗaya.

Ranar Juma'a, 27 ga wata, da ƙarfe goma na safe, wayar ɗakin karatu ta yi ƙara. Muryar mace ce.

“Don girman Allah, wace ce take rubutu da sunan Migdalia?”

Na ce ni ce, Eumelia, komadrenta.

“Da gaske ta rasu? Yaushe?”

Na faɗa mata. Sai ta ce, “Yaya, kin kusa kashe ni. Sunana Zoila, daga Moa. Shara nake yi a wani ofis, sakatariya ce take barina in buɗe imel. Na ga wasiƙu tara daga Migdalia suna cewa Migdalia ta mutu, kuma kwanan watan da ke kansu ɗaya ga Janairu ne na shekarar 2002. Lokacin ko zauren babu! Tsigar jikina ta tashi, na bar tsintsiya na fita waje.”

Na ce wace irin 2002, jiya-jiya na rubuta ta ƙarshe.

“To suna can ƙasa, ƙarƙashin wasiƙun shekara biyar. Wa zai gangara can? Kowa minti biyar ake ba shi, na sama yake dubawa ya tashi. Ni ce dai kwanan nan tsofaffin nake bi.”

Ban tambaye ta dalili ba. Ta tambayi sunan maganin da ƙarfinsa, na faɗa, ta ce irin shi ne, tana da hamsin da shida, gobe za ta kawo da kanta. Na zauna a ƙasa da kan wayar a hannu.

Malam Wilfredo ya sa na rubuta kalma ɗaya a baƙin allon, na'urar ta amsa cewa yau ɗaya ga Janairu, 2002. Ya ce akwai wani ɗan batiri kamar maɓallin riga a cikin kowace kwamfuta, shi ke riƙe agogo in wuta ta ɗauke. Na wannan ya mutu tun tuni, don haka duk ɗaukewar wuta sai ta koma ranar da aka ƙera ta, ta buga wannan rana a kan duk abin da na rubuta. Ya yi ta zagin kansa da bai tuna ba. Ni kuwa a take na gan ki a idona: kowace safiya, da kuma duk sanda wuta ta dawo, kina duba agogon hannunki kina buga wani abu kafin ki taɓa komai. Har tsiya nake miki, in ce tun ba a fara aiki ba kina ƙirga lokacin tashi. Tsohon Dodo ma haka yake ashe, shekara biyar kina saita masa agogo da hannu. Ba ki rubuta shi cikin koren littafi ba, don ba ki ɗauke shi mataki ba. Na saita, na sake aikawa. Kafin mu rufe ranar wasiƙa sittin da uku sun shigo, duk kukanki suke yi.

Zoila ta iso ranar Asabar da tsakar rana, siririyar mata, jar ƙasar Moa a takalmanta. Ta ƙi cin abinci, ruwa kawai ta sha. Ta ciro kwalin daga cikin rigarta ta ajiye a kan tebur. A jikinsa an rubuta suna da biro, Lisandra, a ƙasa kuma layuka biyu na 'yan alamomi, na safe da na yamma, kowace rana an soke. Alamomin sun tsaya a 28 ga Agusta. Na ɗago na dube ta, na gane abin da take nema a tsofaffin wasiƙu, inda ake tambayarta ya jikin yarinya. Lisandra 'yarta ce, shekarunta goma sha biyu. Ta rasu zauren yana kwance, ba wanda ya sani, har ke.

Na ce, “Maganin ne ya yanke mata?” Ina so ta ce eh, komadre. Allah ya gani, ina so ta ce eh.

Ta girgiza kai. “Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, Yaya. Ko ɗaya. Da safe na je tashinta ta karya, na tarar ta yi sanyi.”

Ta roƙi abu ɗaya, ta ga Yanelis ta sha a gabanta kafin ta tafi. Lokacin bai yi ba, amma ta zauna ta jira har yamma, ta kusa rasa motar ƙarshe. Na ba yarinyar, ta haɗiye da ruwa, Zoila tana kallon maƙogwaronta. Sai Yanelis ta juya kwalin ta karanta, ta ce, “Kaka, wace ce Lisandra? Ita ta warke ne?” Zoila ta shafa kan yarinyar ta ɗauki jaka ta fita. Ni har yau ban amsa wa Yanelis ba.

Kusan kwana ashirin na yi ina tsammanin in ƙwayoyin nan suka zo tsorona ya ƙare. Ga su a kan tebur, sun isa wata guda, zauren yana aiki, ina saita agogo da hannuna. Amma tun ranar Asabar, duk safiya sai na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Yanelis na kasa shiga, ina sauraro, sai na ji ta motsa. Da kina nan ke zan gaya wa, ki zage ni, ki dafa min gahawarki mai wake.

Allah ya jiƙanki, Migdalia. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alherin kowace ƙwaya da ta isa bakin yaro ta hannunki. Ki yafe min maganar safiyar Talata. Ina miƙa ta'aziyyata ga Argelio, da 'yarku Dayamí, da mahaifiyarki da 'yan'uwanki na Nicaro, da Malam Wilfredo, da duk mutanen zauren da na zaga ba su ji ba ba su gani ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan Lisandra, ya dafa wa uwarta. Mu kuma da muke da yara kwance a ɗaki, Allah ya sa mu tarar da su da ɗumi gobe da safe.

Eumelia Leyva Pupo
Mayarí, 30 ga Satumba, 2013